Ba Maikano Ne Ya Kashe Injin Ba

Alhamis, hantsi

Gidan ya cika da mata masu jaje kamar an yi mutuwa. Ba a yi mutuwa ba. Na faɗa wa wata haka a tsakar gida, da ƙarfi, sai Gwaggo ta ce in shiga ɗaki. Ita ta raine mu ni da Yaya Abdulfatahi tun rasuwar Inna, kuma har yau in ta ce in shiga ɗaki shiga nake yi, duk da cewa ni ce Malama Salihatu da ke koyar da ilimin kwamfuta a kwaleji.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Talata a hanyar Kasuwan Garba ba. An samu motar Yaya a gefen hanya, ƙofofinta a buɗe, buhunan mutane na ciki. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Maganar injin zan rubuta. Ni da Matthew, abokin aikina a kwaleji, muka haɗa wa ƙungiyar direbobi shi bara, a ɗan ofishinsu na bayan tasha. Tsohuwar kwamfuta ce da wani ya ba su kyauta. In manomi ya ga baburan mutanen daji, ya kira lamba ya bar saƙon murya, injin ya tura wa kowane direba. Ranar Talata da safe wata mata, Asibi, ta kira daga wajen Beri ta ce kada kowa ya biyo hanya. Ta kira, ta sake kira, maƙwabtanta ma suka kira. Saƙon ya shiga injin. Bai fita ba.

Alhamis, bayan la'asar

Wata ta ce wa Gwaggo, ina ji ta taga: "Ai injin 'yarki ne ya yi barci." Da wace fuska mutum yake cin tuwon gida yana faɗin haka?

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Sun kama Baba Maikano.

Maigadin ofis ne, shi ke kunna janareta in batirin sola ya yi sanyi, shi ke riƙe da makulli. 'Yan banga sun ce shi kaɗai ne a wurin ranar, saboda haka shi ya kashe injin, saboda haka infoma ne. Haka kawai, saboda haka, saboda haka. Dattijon da ke share ƙura daga bayan injin da gefen rawaninsa!

Na tafi wurin Alhaji Jumare, shugaban ƙungiya. Na same shi yana cin gyaɗa dafaffiya a ƙofar shagonsa.

Na ce, "Alhaji, a ba ni makullin ofis in duba injin."

Ya ce, "Malama, ki bari hankali ya kwanta tukuna. Ke ma abin ya shafe ki."

"Ai don ya shafe ni nake nema."

"Husaini ya ce kada a taɓa komai." Husaini shi ne shugaban 'yan banga.

"Husaini ya san yadda ake kunna shi?"

Ya miƙo mini gyaɗa. Wallahi sai da na riƙe hannuna da ɗaya hannun.

Asabar, da safe

Ba Maikano ba ne.

Asabar, azahar

Sun bar ni na gan shi ta taga, a ɗakin da suke ajiye mutane. Gefen fuskarsa ya kumbura. Sai da na maimaita magana yake ji.

Ya ce, "'Yata, fitilar ba ta mutu ba. Koriyar nan. Fanka ma tana juyawa. Na gaya musu, na gaya musu."

Na ce, "Na yarda, Baba."

"To ki gaya musu ke ma."

Me zan gaya musu? Cewa na yarda? Wani yaro mai gora ya ce lokaci ya yi.

Lahadi, hantsi

An yi ruwa. Gwaggo ta fitar da kayan Yaya ta wanke, wankakku ne ma, ta shanya su a cikin ɗaki. Ba zan rubuta ba.

Litinin, bayan azahar

Makulli ya fito. Matthew ne ya je ya zauna a ƙofar shagon Alhaji tun safe bai tashi ba, har Alhaji ya gaji ya aika wa Husaini. Aka haɗa mu da ɗan banga ɗaya ya zauna a bakin ƙofa yana kallonmu kamar za mu saci fankar.

Baba ya faɗi gaskiya. Ba a kashe injin ba, tun watan jiya yake a kunne bai tsaya ba. Manhajar da ke karɓar kira tana nan tana aiki. Manhajar da ke tura saƙo ce babu ita, kamar an tsince ta an yar. Na tada ta, ta tashi lafiya. Saƙonnin ranar Talata suna jere suna jiran a tura su. Matthew ya ce in fita kafin ya cire su daga layi. Na ce ba inda za ni. Na saurari muryar Asibi har ƙarshe. Hausarta ta Kambari ce, tana haki, ana jin awaki a bayanta.

Manhaja ba ta ɓacewa haka kawai. Ko mutum ya kashe ta, ko kanel, wato zuciyar manhajar da ke mulkin injin, ya kashe ta. Baba Maikano kuwa ko sunansa ba ya iya bugawa a allon nan.

Talata

Mako ya zagayo. Ban je ko'ina ba.

Laraba, hantsi

Kanel yana kashe manhaja in memori, wurin da injin ke riƙe aikin da yake kan yi, ya ƙare masa, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Amma ta yaya memori zai ƙare wa injin da ke da gigabait goma sha shida? Da biyu muka fara. Watan jiya, ina Minna wajen bita, Matthew ya samo ram, wato ƙarin memori, daga wasu injuna da aka daina amfani da su ya cika masa ciki. Har taro aka yi, Alhaji ya yi jawabi, aka tafa, aka turo mini hoto. Na ce masha Allah.

Na ɗauki saƙonnin murya na kwafa su dubbai, na dinga ɗura wa injin kamar dukan ƙauyuka suna kira lokaci guda. Na zauna ina kallon allo. Jimillar memorin da ya rage ko motsi ba ta yi sosai. Sai na raba lissafin gida biyu, na ƙasa da na sama.

Na saman yana nan dam, fiye da gigabait goma babu abin da ya taɓa shi. Na ƙasan yana zuba kamar tulu mai huda. Ina kallo ya kai ƙarshe. Ina kallo kanel ya ɗaga hannu ya zaɓi manhajar da ta fi girma ya kashe. Mai tura saƙo. Fitila koriya. Fanka na juyawa.

Ɗan bangan ya ce, "Malama, lafiya?" Ashe na buga tebur.

Laraba, bayan la'asar

Bari in rubuta shi dalla-dalla, don sai na faɗe shi a gaban mutanen da ba su san komai a kai ba, kuma in ban rubuta ba zagi zan yi.

Injin nan tsoho ne, mai bit talatin da biyu. Duk adireshin da yake iya kira bai wuce na gigabait huɗu ba. Uku na manhajoji ne, ɗaya na kanel. A cikin ɗayan nan ma, megabait ɗari takwas da casa'in da shida ne kawai kanel ke miƙa hannu ya taɓa kai tsaye. Shi ne memorin ƙasa. Duk abin da ya haura nan memorin sama ne. Yana nan, manhajoji na amfani da shi, amma kanel ba shi da adireshin dindindin a can. In yana son wani abu a ciki sai ya buɗe 'yar taga, ya taɓa, ya rufe.

Kayan aikin kanel na kansa ba sa zama a sama. Dole a ƙasa. Kuma kowane shafi na memori, har na sama, sai an ajiye masa ɗan bayaninsa a ƙasa. Ka ƙara ram, ka cinye ƙasa. Ram ya yi yawa, injin ya dinga riƙe fayiloli ba ya saki, kowane fayil kuma da nasa bayanin a ƙasa. Ranar da kira ya yi yawa, ranar da aka fi bukatarsa, ranar ce zai shaƙe.

Watau kyautar ce ta kashe shi. Kyautar da aka tafa wa.

Alhamis, da safe

Na tsani Matthew yau. Na san ba daidai ba ne. Na tsane shi.

Alhamis, azahar

Na kira shi ofis na sake yin gwajin a gabansa. Ban yi bayani ba. Da ya ga lambar ƙasa tana sauka sai ya gane. Bai jira ta kai ƙarshe ba ya zauna a ƙasa, a kan siminti, da wandonsa na zuwa aji.

Ya ce, "Ni na koyar da wannan. A zangon da ya wuce. Na zana shi a allo."

Na ce, "Na sani."

"Malama, ki ce wani abu."

"In na fara ba zan tsaya ba."

Ya ce yanzu zai tafi wurin Husaini. Na tare ƙofa. Na ce, "Ka je ka ce me? Kirista, mutumin Rijau, ya buɗe injin ya sa wani abu a ciki, bayan makonni injin ya mutu ranar da aka tare hanya. Kana jin yadda zai shiga kunnensu? Dattijon da ke salla sahu ɗaya da su ma ka ga fuskarsa."

Ya ce, "To in bar shi a can?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ina tare masa ƙofa alhali rabin zuciyata na son in matsa in bar shi ya wuce.

Juma'a, hantsi

Gwaggo ta tambaye ni ko na gano. Na ce na gano. Ta ce, "Hakan zai dawo da Abdulfatahi?" Na ce a'a. Ta ce, "To."

Asabar, bayan azahar

An ce za a miƙa Baba wani wuri ranar Talata. Ba wanda ya ce ina. Na koma wurin Alhaji, wannan karon ban zauna ba, ban gaishe shi yadda ya kamata ba. Na ce a tara kwamiti da Husaini a ofis ranar Litinin, in kashe injin a gabansu ba tare da na taɓa shi ba. Ya ce ana iya yin haka? Na ce in ba a zo ba zan yi shi a tsakiyar tasha da lasifika.

Ya ce, "Ke dai Malama kin cika zafi."

Zafi! Yayana yana… A'a. Ba zan rubuta ba.

Lahadi, da yamma

Matthew ya turo saƙo daga coci, wai sun yi wa Yaya addu'a da suna. Ban amsa ba. Na karanta wa Gwaggo, ta ce amin, ta ce in gode masa. Ban gode ba.

Litinin, bayan la'asar

Sun zo. Ofishin ya cika har waje, warin zufa da jiƙaƙƙen takalmi. Husaini ya zauna a gaba, bindigarsa ta gargajiya a kan cinya. Matthew yana can baya jikin bango, duk da na ce kada ya zo.

Na ce, "Alhaji, shagonka na da tebur a gaba, da sito a baya."

Ya ce haka ne.

"Abin da ke kan tebur hannu kake miƙawa ka ɗauka. Na sito kuwa sai ka buɗe 'yar taga. To a ce duk buhun da aka kai sito sai an ajiye tambarinsa a kan teburin nan. In aka ninka sito sau takwas, teburin bai ƙaru ba, ina za ka auna wa mai saye?"

Wani direba ya ce, "Tebur ya cika ke nan."

"Sito fa?"

"Sito da sauran wuri."

"To haka injin nan yake. In teburinsa ya cika, sai ya kori wanda ya fi cin wuri don kada komai ya tsaya. Ranar nan mai kai saƙo ya kora."

Husaini ya ce, "Mu ba tatsuniya muka zo ji ba."

Na ce, "To ka kalla." Na sa saƙonnin suka fara shiga, na nuna masa lambobin biyu, na ce ya sa ido a kan ta hagu, ta tebur. Na ja kujerata baya na ɗora hannuwana a kai yadda kowa zai gani. Na ce wani ya kira lambar ya yi magana. Wani ya kira, wayoyin direbobi suka yi ƙara gaba ɗaya. Muka jira. Lambar hagu na sauka, na sauka. Da ta ƙare na ce a sake kira. Aka kira. Shiru. Aka sake. Shiru, ko waya ɗaya ba ta yi motsi ba.

Na ce, "Ga fitila koriya, ga fanka na juyawa. Wa ya taɓa shi? Ina Baba Maikano yake yanzu?"

Husaini ya ɗago kai daga allon. Sai ya yi tambayar da nake tsoro. "Wa ya ƙara sito?"

Kafin in buɗe baki Matthew ya ce, "Ni ne."

Na ji yadda ɗakin ya juya. Wani a waje ya ce, "Wane ne?" Wani ya amsa masa da abin da ba zan maimaita ba. Biyu daga cikin yaran Husaini suka miƙe.

Sai Alhaji Jumare ya tashi, mutumin gyaɗa. Ya ce, "Ku zauna. Ni na ce injin ya yi nauyi a ƙara masa ƙarfi. Ni na roƙe shi. A nan ɗakin na yi masa godiya, kai Husaini kana nan, ka tafa, na gan ka. In za a ɗaure wanda ya ƙara, a fara da ni, a bi da duk wanda ya tafa. Mun ɗaure dattijo a banza, ba za mu ƙara na biyu ba."

Suka zauna. Ban taɓa zaton zan ga haka daga gare shi ba, kuma haushi ya kama ni: ashe yana da wannan muryar, ya ajiye ta kusan mako biyu yana ɓare gyaɗa.

Talata, hantsi

Sun saki Baba Maikano. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Husaini ya aika masa da lemo.

Laraba, azahar

Na je gaishe da Baba. Kunnensa na hagu ba ya ji, likita ya ce da wuya ya dawo. 'Yarsa ta zo daga Ibeto za ta tafi da shi, ta ɗaure kayansa a buhu. Na ce ƙungiya na son ya dawo aiki. Ya juyo da kunnen dama na maimaita.

Ya ce, "Ki gaishe su."

Da zan fita ya ce, "Allah ya dawo da Abdulfatahi. Yaro ne mai gaisuwa." Na ce amin na yi sauri na fita, don ba a gidan mutane zan yi abin da na yi a bayan katangarsu ba.

Alhamis, da safe

Mun cire ram ɗin, ni da Matthew. Shi ya kwance, ni na karɓa. Mun bar biyu kamar da. Na sa injin ya riƙa kwashe tsofaffin saƙonni, na sa wata 'yar manhaja ta tsare mai turawa, in ya faɗi ta tada shi ta kuma sanar da mu. Na ɗura masa saƙo ninkin na ran nan, ya haɗiye bai yi tari ba.

Aikin bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Wannan ne abin. Wannan ɗan aikin.

Matthew ya ce, "Malama, ban san yadda zan…" Na ce ya miƙo sukurdireba.

Juma'a, bayan la'asar

Mun tura saƙon gwaji ga duk direbobi. Injin na nuna wayar da saƙo ya shiga da wadda bai shiga ba. Ina bi ɗaya bayan ɗaya sai na ga lambar Yaya. Ya shiga. An ma saurara.

Wayar tana kunne.

Na kira nan take, ta yi ƙara, aka katse. Na ruga gida ko mayafina ban gyara ba. Gwaggo ta yi sujada a tsakar gida cikin taɓo. Ta ce a sake turawa, a yi ta turawa, ko zai ji muryar gida.

Asabar, hantsi

Matthew ne ya faɗa, kuma na san gaskiya ce tun kafin ya rufe baki, shi ya sa na daka masa tsawa. Ya ce, "Ba mu san hannun da wayar take ba. In wani ya kira gobe ya ce ga su a wuri kaza, ku bi ta wuri kaza, wanda ke riƙe da ita zai ji. Da muryar wanda ya kira."

Na tuna Asibi, da awakinta, da sunan ƙauyenta da ta faɗa sau biyu.

Ya ce shi zai cire lambar Yaya daga injin, ba sai na gani ba. Na ce in ya taɓa allon nan sai na karya masa yatsu.

Asabar, azahar

Na gaya wa Gwaggo. Ta kama zanena. Ta ce, "Salihatu, igiya ɗaya ce ta rage tsakaninmu da shi, ke za ki yanke?" Na ce mutane ne a hanya, Gwaggo, gobe motoci za su fita. Ta ce, "Mutane suna da nasu." Ba ta taɓa yin irin wannan maganar ba tunda na san ta. Ta ce in na fita kada in dawo in ci abincinta.

Na fita.

Asabar, bayan la'asar

Sunan Yaya ne na uku daga sama, don shi ne na ukun da ya yarda ya ba da lambarsa lokacin da sauran direbobi ke cewa abin yaudara ne. Na danna a cire, injin ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Na dawo gida. Ƙofar Gwaggo a rufe. Kwanona yana bakin ɗakina da murfi a kai, tuwon da sauran ɗumi. Na zauna a dokin ƙofa na cinye shi duka, ina jin ta ta cikin bango tana kiran sunansa.